Ba Zan Saki Sotolongo Ba

"Uku cikin arba'in da ɗaya."

Abin da Baba Casimir ya tarbi 'yarsa da shi ke nan, kansa na cikin injin wata tsohuwar mota, ko ɗagowa bai yi ba. Renata ta tsaya a bakin gareji da jakar makaranta a kafaɗa, sanyin Afrilu yana ratsa rigarta.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sau arba'in da ɗaya yaron nan naki ya tsaya da sanda, sau uku kacal ya yi bugun kirki. Ni da ciwon gwiwata sai na fi haka."

"Sati biyu fa ke nan da fara wasa."

"Sati biyu da kwana uku." Ya miƙo hannu baya. "Ba ni sifana mai lamba sha huɗu."

Ta ɗauko ta miƙa masa ba tare da ta duba ba. A cikin garejin nan ta girma.

Duk ɗan unguwarmu ta kudancin Milwaukee ya san garejin Wojtala da Radtke, ya kuma san gasar da ake yi a cikinsa. Mutum goma ne, kowa da ƙungiyarsa ta besbol a waya, wasan nan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda. Ka zaɓi 'yan wasa na gaske a watan Maris, duk abin da suka yi a fili ya zama makinka, har ƙarshen Satumba. Casimir Wojtala ne ya kafa ta tun ana rubuta maki a bayan kalanda. Shekara ashirin da shida yana shugabancinta, bai taɓa ɗaukar kofin ba ko sau ɗaya.

Bara ne ya kusa. Tun watan Yuni yake na ɗaya, har ya share wa kofin wuri a kan kanta.

Sai a watan Agusta Renata, wadda ƙungiyarta ke can ƙasa babu sauran fata, ta yi musaya da Efraín Montalvo, babban makanikin garejin. Ta ba shi tsohon mai jifanta, Haverty. Ta karɓi wani yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya wanda ko sunansa ba a iya faɗa daidai ba, Dariel Sotolongo, don ta riƙe shi zuwa bana. Haverty kuwa ya yi wa Efraín wata guda na ban mamaki. Ranar ƙarshe Efraín ya wuce maigidansa da rabin maki.

Rabin maki!

Da iyakarta ke nan da Baba ya haɗiye. Amma ranar ba da kofi sai Tobias, ɗan abokin sana'arsa Orville Radtke, wanda shi ma yana cikin gasar, ya miƙe a gaban kowa ya ce akwai abin da ya kamata shugaba ya sani. Renata da Efraín soyayya suke yi a ɓoye tun farkon shekara. Wannan ba musaya ba ce, haɗa baki ne.

A take Casimir ya kori Efraín daga gasa. Washegari ya kore shi daga gareji, yaron da ya ɗauka tun yana ɗan shekara sha tara ya koya masa riƙon guduma.

Wata shida ke nan, maganar Baba ɗaya ce, kuma yau ma ita ya maimaita.

"Ya yaudare ki ne. Ya ga kina sonsa, ya karɓe miki gwarzo ya ba ki fanko. Wanda ya yi miki haka a kan kofin roba, me zai yi miki in ya aure ki?"

"Baba, ni na kai masa tayin. Ni na zaɓi yaron. Lissafi nake koyarwa shekara shida, ka yarda da ni a kan 'ya'yan mutane, amma ba ka yarda na iya auna ɗan wasa ɗaya ba?"

"Ga abin da kika auna nan. Uku cikin arba'in da ɗaya."

Ta buɗe baki za ta amsa sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Tobias ne, cikin doguwar kwat, yana tsallake tabon baƙin mai don kada ya ɓata takalmi. Dillalin gidaje ne, hotonsa yana manne a kujerun jiran bas na unguwa, yana murmushi da haƙora talatin da biyu.

"Kawu Casimir, sannu da fama. A'a, Renata! Kamar kin san ke nake nema. Kin ga saƙona?"

"Ina aji."

"To duba."

Ta zaro wayar. Tayin musaya ne: Tobias zai ba ta Lonnie Trask, ta ba shi Sotolongo. Trask! Mutumin da tun fara kakar wasan nan ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau shida, bugun da ya fi kowane daraja.

Baba ya goge hannu ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da ido. Ya yi fito.

"Tabɗi. Tobias, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Kawu, ba na jin daɗin ganinta ta tara cikin goma. Abin da aka yi mata bara ya isa. Ni kofi bai dame ni ba." Ya dubi Renata, ya sassauta murya. "Ki ɗauka kyauta ce. Ta farko."

"Kin ji namiji," in ji Baba. "Wani ya karɓe miki, wani ya ba ki. Ran Lahadi bayan coci su Orville za su zo cin abinci. Ki danna amincewa a gaban kowa, mu rufe maganar bara, mu buɗe wata."

Renata ta san wace magana ce za a buɗe. Tun suna firamare iyayen nan biyu suke tsokanarsu da mata da miji, sai da ta girma ta gane ba wasa suke yi ba.

Ta karɓi wayarta ta jefa a jaka.

"Ba zan saki Sotolongo ba."

"Ran Lahadi," Baba ya ce, ya mayar da kansa cikin inji.

* * *

Ba taurin kai kawai ba ne. Kowace rana, lokacin hutun cin abinci, Renata takan rufe ƙofar aji ta kalli duk tsayuwar da yaron ya yi jiya, ɗaya bayan ɗaya. Ba kuskuren ƙwallo yake yi ba. Dukanta yake kamar ya sami ɓarawo, sai dai ta tafi kai tsaye hannun mai tsaro. Ta ƙirga irin wannan sau sha ɗaya. Ga shi yaron ƙasar zafi ne, an tsayar da shi a filin da ake share ƙanƙara kafin wasa, yana hura wa yatsunsa iska. Ta san rana za ta fito. Kowace safiya kafin ta sha kofi sai ta tabbatar yana cikin jerin masu buga mata, ba a benci ba.

Kuma ta san wani abu. Ranar da yaron nan ya tashi, ranar ce za ta iya kallon idon Baba ta ce ga shi, ba a yaudare ni ba, ba ɓarawo ka kora ba.

Abin da ba ta sani ba shi ne lokaci ya ƙure mata.

Ranar Asabar da hantsi ta hau benen Efraín da gudu, tana ɗauke da burodi mai zafi. Ya buɗe ƙofa, sai ta ga kwalaye. A falo, a kicin, har bakin banɗaki. Babu labule a taga. Babu kujeru.

Ledar burodin ta suɓuce daga hannunta.

"Efra, mene ne wannan?"

Ya sunkuya ya ɗauki ledar, ya daɗe bai miƙe ba.

"Da yau zan faɗa miki, Malama."

"Kada ka ce min Malama. Mene ne wannan?"

"Yayana ya samo min aiki a Orlando, can kudancin ƙasa, kusa da Mama. Ɗaya ga Mayu zan fara."

"Kwana sha biyu." Ta dubi kwalayen. "Kwana sha biyu, kuma sai da ka sayar da kujeru sannan zan ji?"

"Na san in na faɗa miki da wuri ba zan iya tafiya ba."

"To kada ka tafi!"

"Renata, dube ni. Wata shida ina bin garejin mutane ina aikin yini. Duk inda na je an riga an ji labari: ga wanda ya cuci Casimir. Wannan zan iya jurewa. Abin da ba zan iya ba shi ne in ga kina ramewa tsakanina da mahaifinki. Yaushe rabon da ku yi dariya tare?"

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Ka ba ni wata ɗaya. Wata ɗaya kawai. Da zarar an fara ɗumi yaron nan zai tashi, na rantse maka zai tashi, Baba zai gani da idonsa."

"Rayuwarmu ce za ki ɗora a kan sandar yaron da bai san muna duniya ba? In ya karye a hannu gobe fa?"

"To me kake so in yi? In zauna in naɗe hannu? Kai ka haƙura, shi ke nan ni ma sai in haƙura?"

"Ban haƙura da ke ba. Har in mutu ba zan haƙura da ke ba." Idanunsa sun yi ja. "Amma mahaifinki shi ya tsaya min a matsayin uba ranar da aka binne nawa. Ba zan ɗauke masa 'ya ta bayan gida ba."

Ta zauna a kan wani kwali ta rufe fuska. Ya durƙusa a gabanta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Can ta ce, cikin sheshsheƙa, "Gobe za su zo gidanmu. Tobias ya yi min tayin Trask a kan Sotolongo. Wai kyauta. Baba yana so in karɓa a gaban kowa."

Efraín ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci.

"Trask? Ashe har yanzu bai cire rai da yaron nan ba."

Renata ta ɗago kai a hankali.

"Har yanzu?"

Ya kau da ido.

"Efraín. Ka ce har yanzu. Yaushe ya taɓa nemansa?"

"Bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Yaushe?"

Ya miƙe ya nufi taga. Ta bi shi ta sha gabansa. Hawayen sun tsaya cak.

"Bara," ya ce da ƙyar. "Kwana biyu kafin ki kawo naki tayin. Ya ce in ba shi Sotolongo, in zaɓi masu jifansa biyu duk waɗanda nake so."

"A rubuce?"

Hannunsa ya kai kan aljihun da wayarsa take.

"Yana cikin wayarka. Duk wata shidan nan yana cikin wayarka, ana kiranka ɓarawo, ina kuka kullum, kai kuma kana zaune a kansa!"

"In na nuna, me zai faru? Baffa Orville ba zai yarda a kunyata ɗansa ba. Shekara talatin suna tare a garejin nan, sunansu biyu ne a allo. Kina so a ce ni na raba su?"

"Ba kai ka raba su ba. Wanda ya miƙe ya yi ƙarya shi ya raba su." Ta miƙa hannu. "Ba ni."

"Renata…"

"Ka zaɓar min tafiyarka ba ka tambaye ni ba. Ka zaɓar min shirunka ba ka tambaye ni ba. Kai da Baba duk ɗaya kuke, kowa ya san abin da ya fi min. Yau ni zan zaɓa. Ba ni wayar."

Sannan ya zaro wayar, ya nemo saƙon, ya ɗora mata a tafin hannu. Ta karanta sau biyu, ta ɗauki hotonsa da tata wayar.

A bakin ƙofa ta juyo.

"Kada ka ƙara rufe kwali ko ɗaya."

* * *

Ranar Lahadi, suna dawowa daga coci, Mama Halina ta ja ta kicin. Tukunya tana tafasa, ga pierogi, ƙullun fulawa da ake naɗewa da haɗi a ciki, jere a kan tire, na dankali daban, na kabeji daban.

"Naɗe min sauran nan. Kuma ki saki fuskarki, kamar wadda za a kai asibiti."

Renata ta fara naɗewa. Mama ta matso kusa, ta rage murya.

"'Yata, don Allah ki rufa min asiri yau. Babanki likita ya ƙara masa maganin hawan jini, bai faɗa miki ba ne. Ki danna masa abin nan kawai. Wasa ne fa. Wasan waya."

"In wasa ne, Mama, me ya sa aka raba mutum da aikinsa a kansa?"

Mama ta share ido da gefen rigar girkinta.

"Ni ma ina son Efraín. Wa ya kai ni asibiti ranar da na faɗi a kan ƙanƙara? Amma Tobias ba baƙo ba ne. Mun san uwarsa, mun san kakarsa. So yana zuwa daga baya."

"Ke daga baya naki ya zo?"

Mama ta ɗauki ludayi. Kowa a dangi ya san ta bar wani mai kantin magani ta auri makaniki mai baƙin farce, uwarta ta yi shekara ba ta yi mata magana ba.

"Bakinki ya yi tsawo," ta ce, ta juya ga tukunya.

Ƙarfe ɗaya aka zauna. Baba a kan tebur, Baffa Orville a damansa da ƙaton cikinsa da dariyarsa mai girgiza kofuna, Tobias kusa da Renata, ya kawo wa Mama furanni. Aka yi addu'a, aka ci, aka yi hirar sanyin bana da ramukan titi. Renata ta ci guda biyu don kada Mama ta yi magana.

Da aka kawo kek, Baba ya buga cokali a jikin kofi.

"To. Renata tana da abin da za ta yi a gabanmu. Fito da wayar."

Ta fito da ita ta ajiye a kan tebur.

"Kafin nan ina da tambaya. Tobias, a ganinka Sotolongo fanko ne?"

Ya yi murmushin hotonsa.

"Ai lambobi ba sa ƙarya, Renata. Ke ce malamar lissafi."

"Bara ma haka ka ɗauke shi? Lokacin da ka miƙe ka ce babu mai hankalin da zai ba da Haverty a kansa sai da haɗa baki?"

"Kowa ya ga haka."

"To me ya sa kake ba da Trask a kansa?"

"Na faɗa miki, saboda ke."

"Ka ji yaro mai zuciya!" in ji Baffa Orville, yana dukan tebur. "Ni uwarsa ko alawa ban ba ta ba."

Renata ta buɗe hoton ta tura wayar gaban mahaifinta.

"Baba, sa tabarau. Duba kwanan wata tukuna."

Baba ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta a fili, a hankali, kamar yadda yake karanta takardar gwamnati.

"Tara ga Agusta. Daga Tobias zuwa Efraín. 'Ka ba ni Sotolongo, ka zaɓi masu jifana biyu duk waɗanda kake so. Yaron nan nan da shekara biyu babu kamarsa. Kada ka faɗa wa kowa na ce haka.'"

Cokalin Mama ya faɗi ƙasa.

Baba ya sake karantawa, wannan karon a zuci. Sannan ya cire tabarau ya dubi Tobias.

"Kai ka rubuta?"

"Kawu, ai ka san yadda ake ciniki, mutum yakan faɗi…"

"Kai ka rubuta?"

"E, amma…"

"Dakata, Casimir," Baffa Orville ya katse, fuskarsa ta yi ja. "Ai wannan ma ya ƙara kama su. An ba yaron nan mutum biyu ya ƙi, ya karɓi ɗaya a hannun budurwarsa. Me ake kira haɗa baki in ba wannan ba?"

Renata ta buɗe baki, amma Baba ya ɗaga mata hannu.

"Na san masu jifan ɗanka na bara, Orville. Duka biyar ɗin in ka haɗa ba su kai Haverty yana mura ba. Ni ma da Haverty zan ɗauka." Ya juya ga Tobias, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ka san yaron yana da daraja. Ka san musayar daidai take. Ka miƙe a gaban mutum goma ka sa na kira wanda na raina da hannuna ɓarawo."

"Soyayyar da na faɗa ai gaskiya ce!" Tobias ya miƙe, kujera ta yi baya. "Suna ɓoye maka! Ni na san Renata tun tana da kitso biyu, shekara nawa ina jira, sai wani ya zo daga ƙarƙashin mota ya…"

"Daga ƙarƙashin mota aka biya maka makaranta," in ji Mama Halina. Kowa ya juya ya dube ta. Ita ma kamar ta yi mamakin kanta.

Renata ta jawo wayarta. Ta buɗe tayin Trask, ta ɗaga yadda kowa zai gani, ta danna ƙi.

"Baba, ka ce in danna a gaban kowa. Na danna. Ɓoye maka da muka yi laifi ne, nawa ne, ni na hana shi faɗa maka don ina jin tsoro. Ka yafe min wannan. Amma ba zan auri Tobias ba, ko Sotolongo ya ƙare shekara bai sake taɓa ƙwallo ba. Efraín zai bar gari kafin ɗaya ga Mayu. Duk wata shidan nan saƙon yana hannunsa, ya ƙi nunawa don kada ku ɓata da Baffa Orville. Jiya da ƙarfi na karɓa."

Ta kalli mahaifinta ido cikin ido.

"In ya tafi, Baba, zan gama zangon makaranta in bi shi. Ba na so in tafi ba da albarkarka ba. Amma zan tafi."

Baffa Orville ya tashi yana huci, ya jefar da tsumman goge baki a kan kek.

"Casimir, in ka bari aka ci mutuncin ɗana a teburinka a kan wasan yara, gobe ka nemo mai fenti ya goge sunana daga allon nan."

Baba ya naɗe tabaraunsa ya mayar aljihu. Baffa Orville da ɗansa suka fita, ƙofa ta buga, furannin Tobias suna nan a cikin tulu.

Shekara talatin.

Baba ya zauna yana kallon farantinsa. Renata ta ga yadda hannuwansa suka tsufa, duk tabon ƙuna da yanka. Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta janye duk abin da ta faɗa. Ta cije leɓe. Ba ta janye ba.

Sannan Baba ya dafa tebur ya miƙe.

"Halina, kwat ɗina."

"Ina za ka? Ka sha maganinka?"

"Na sha." Ya dubi 'yarsa. "Ke, tashi. Ban san gidan ba."

* * *

A matattakalar benen Efraín sau biyu Baba yana tsayawa saboda gwiwa, ta miƙa masa hannu ya ture. Shi ya ƙwanƙwasa da kansa.

Efraín ya buɗe. Da ya ga wanda ke tsaye sai ya ja da baya.

"Maigida."

Baba ya leƙa ya ga kwalaye, ya ga taga babu labule. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"A gaban mutane na kira ka ɓarawo. A gaban mutane zan janye, ran Asabar, kowa zai zo. Amma ban iya jira har Asabar ba." Ya dafa bakin ƙofar. "Na zalunce ka, yaro. Kujerarka a gasa tana nan. Aikinka yana nan, in garejin ya kai gobe."

Efraín ya sunkuyar da kai. Renata ta ga ɗigon hawaye ya faɗa kan takalminsa.

"Na gode, Maigida. Na yafe, tun tuni. Amma ba na son kujerar, ba na son aikin, in dai su ke nan ka kawo."

"Su na kawo. Maganar 'yata ban ce komai ba tukuna. Wata takwas kana ci a teburina kana kallon idona, ba ka faɗa min ba. Wannan ba Tobias ya ƙirƙira ba."

"Gaskiya ne."

"To?"

Efraín ya ɗago. Ya dubi Renata, ta gyaɗa masa kai. Ya goge tafin hannunsa a jikin wando ya tsaya sosai.

"Maigida, ina son Renata. Ina neman aurenta a wajenka."

Baba ya ƙura masa ido. Babu fara'a a fuskarsa, babu kuma fushin nan na wata shida. Renata ta kasa karanta komai a ciki.

"A tsaye ake neman aure a gidanku? A bakin ƙofa?"

"Kujerun… na sayar da su, Maigida."

Baba ya yi tsaki, ya ratsa ta gefensa ya shiga. Ya zaɓi kwali mafi girma, ya danna shi da hannu ya ji ƙarfinsa, ya zauna a hankali yana miƙe ƙafar mai ciwo. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ke, jira a waje. Ja mana ƙofa."

"Baba…"

"A waje."

Ta fita ta ja ƙofar, amma ba ta bari ta rufu duka ba. Ta jingina da bango, ta dunƙule hannuwa a ƙirji. Daga ciki ta ji muryar mahaifinta.

"To, zauna. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Fara min daga farko, kuma kada ka tsallake komai."